Shuɗiyar Riga a Reshen Kanya

Ranar da Nu'uman ya fara yin sallama a zauren Malam Lawwali marini a unguwar Gobarau da ke Katsina, ba neman aure ne ya kawo shi ba, maganin sauro ya zo nema. An ce masa ɗiyar gidan, Madina, tana haɗa wani mai da kaɗanya da ganyen bedi da ɗoɗɗoya, wanda ko sauron bakin kwata ba ya jure warinsa.

Ta fito da gwangwani ɗaya. Ya ce shida yake so.

"Shida? Malam, shafawa za ka yi ko sha?"

Ya yi dariya, ya naɗe hannun riga. Wai! Tabo ne birjik har gwiwar hannu. Ya ce shi jagoran masu yawon buɗe ido ne a wani gandun daji, tafiyar yini guda daga Katsina.

"Da safe kaska a ciyawa, da rana ƙudan tsando, da yamma sauro ya karɓi aiki. Giwa ba ta taɓa yi mini komai ba, waɗannan ƙananan ne suka hana ni sakat."

"Allah sarki," in ji Madina, tausayinsa ya kama ta. Hutun sati biyu ya zo yi, amma sau tara ya dawo neman man da ko buɗe shi bai yi ba.

Da ya koma daji, gidan ya yi mata faɗi. Ita kaɗai ce ta rage a gaban mahaifinta tun rasuwar mahaifiyarta, ga shi a inda Nu'uman yake waya ba ta shiga sai ya hau wani dutse ranar Juma'a. Kwana shida tana dakan ganye ita kaɗai a tsakar gida, tana kallon wayar da ba ta ƙara, sai a na bakwai saƙo ya shigo.

"Likitata, na hau dutse don ke. Cinnaku sun shiga takalmina, amma ba zan sauka ba sai na ga amsarki."

"Ɗan daji, ka riƙa kakkaɓe takalmi kafin ka sa. Kewarka ta ishe ni, wallahi."

Malam Lawwali bai ɓoye ra'ayinsa ba. "Ba ni yi maki dole, Madina, amma ban ga dalilin ba da ɗiyata ga wanda birai ne maƙwabtansa ba. Ga Sagir ɗan ƙanwata, aikin ofis gare shi da gida a Kambarawa."

Ita kuwa ta shirya dabararta. Ta yi ta roƙon tsohon har ya rina mata shadda da hannunsa, shuɗi mai ɗaukar ido, irin wanda ya yi suna da shi. Ta kai aka ɗinka wa Nu'uman riga, ta zauna ta yi wa wuyan aiki da allura, ta ba wani direba ya kai masa. A ranta, duk wanda ya sa rinin Baba ya zo gaishe shi a ciki, ya gama da zuciyar Baba.

Juma'a ta zo da saƙo. "Ta iso, Likitata. Ba a taɓa yi mini kyauta irinta ba."

Daga nan shiru. Juma'a uku suka wuce ba ko harafi. Madina ta rame, tuwo ma sai ta tsakura ta ture.

Sai ga Sagir da wayarsa, yana murmushin mugunta. Wani baƙo ya sa hotunan gandun a intanet, ga rigar nan rataye a reshen kanya bayan tantuna, rana na dukanta, ƙudaje sun yi mata baƙi ƙirin.

Malam Lawwali ya daɗe yana kallo. "Shekara arba'in ina rini, ba a taɓa rataye aikina kamar tsumman korar tsuntsaye a gona ba. Kada in sake jin sunan yaron nan."

Madina ta rubuta, hawaye na ɗiga a kan wayar: "Na ga inda ka ajiye ni. Na gode." Ta kashe wayar ta jefa cikin adaka.

Ranar Lahadi da hantsi ta ji sallamar Nu'uman. Ta laɓe a bayan ƙofar zaure.

"Mi ya kawo ka?" in ji tsohon, ko gaisuwar bai amsa ba.

Nu'uman ya durƙusa, ya ja wuyan rigarsa ƙasa. Sababbin tabbai ne, manya, har gadon baya.

"Baba, tsando ba abin da yake bi kamar shuɗi. Tarkonsa ma da shuɗin ƙyalle da baƙi muke yi. Kwana uku na yi da rigar nan a jikina, cizon ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ni. Dutsen waya ma na kasa hawa."

"Ka san haka, ka sa ta?"

"Na sani, Baba. Hannunta ne a wuyan rigar, na kasa barinta a jaka. Kunya kuma ta hana ni gaya mata. Da na tashi sai na fesa wa rigar maganin kashe ƙwari na rataye ta inda zan riƙa ganinta. Yanzu can suke zuwa su mutu, mu da baƙinmu mun huta. Ba ni da kowa a dajin nan, Baba. Duk safiya ita nake fara yi wa ina kwana."

Kuka ya ƙwace wa Madina, har suka jiyo ta.

Tsohon ya murza yatsunsa da shuni ya rine. Can ya yi gyaran murya. "To, da nawa rinin da ƙyallen kantin da kuke tarko da shi, wanne suka fi bi?"

"Naka, Baba, nesa ba kusa ba."

"Ai dole!" Ya kawar da kai don kada a ga murmushinsa. "Kai dai wawa ne, Nu'uman. Amma wanda ya ba tsando bayansa saboda ɗiyata ba zai bari komai ya cije ta ba. Turo magabatanka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gida. Da jama'a suka watse, Malam Lawwali ya kira ango da amarya zaure, ya miƙa wa kowannensu ƙunshi. Tufafi ne ruwan ƙasa, karo na farko a rayuwarsa da ya rina abin da ba shuɗi ba.

"Waɗannan za ku sa a daji. Waccan ku bar ta a reshenta, aikina take yi, tana gadin 'ya'yana. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya tsare ku daga babba da ƙarami."

"Amin, Baba," suka ce tare, Madina ta rungume ƙunshin tana share hawaye.