Ajin Cike Giɓi

Malama tana goge allo ta ji sallama a bakin aji. Ta waiwayo, sai ga wani dogon saurayi rungume da fayil, jan biro a aljihun rigarsa.

"Malama, daga ma'aikatar ilimi nake. Ni zan riƙa auna yaran shirin cike giɓi."

Shirin ba ɓoyayye ba ne. Annoba ta rufe makarantu kusan shekara, 'ya'yan masu hali suka ci gaba da karatu ta waya, na talakawa suka dawo kamar ba su taɓa riƙe fensir ba. Sai gwamnati ta ware kuɗi don darasin bayan tashi. Sharaɗi ɗaya ne: kowane zango a gwada yara, in babu ci gaba a janye tallafin.

"Bismillah, zauna," ta ce. "Sai dai kujerunmu na 'yan shekara tara ne."

Ya zauna, gwiwoyinsa suka kusa taɓo haɓarsa. Yara talatin da biyu suka tuntsire da dariya. Ita ma ta kasa dannewa, shi kuma ya kasa ɗauke ido.

Kafin zango ya ƙare, saƙonninsa sun daina maganar aiki.

"Malamata, yau ma na kasa karanta fuskarki. Ko akwai gurbi a ajin naki?"

"Mai Jan Biro, ajina ya cika. Amma zan duba maka kujerar baya."

Yaran suka ci gwajin farko. Ana cikin murna takarda ta iso: an dakatar da tallafi, domin an kai ƙara cewa jami'i ya ƙara wa yara maki saboda yana neman malamarsu. Ba sai an faɗa mata wanda ya kai ba. Mataimakin shugaban makaranta sau biyu yana zuwa mata da maganar aure, sau biyu tana ba shi haƙuri.

Maganar ta riga ta gida. Babanta, tsohon direba, yana zaune a tsakar gida, ko sallamarta bai amsa da kyau ba.

"Shekara talatin ina tuƙi, ba a taɓa nuna ni da yatsa ba. Yau a tasha ake cewa 'yata ta sayi maki da murmushi. Kada in sake ganin ƙafar yaron nan a ƙofata."

"Baba, wallahi yaran guminsu ne."

"Na gama magana."

Ta shige ɗaki, ta rubuta wa Mai Jan Biro: "Ka ji abin da ya faru? Kira ni, don Allah."

Shiru. Kwana tara babu amsa. A rana ta goma mataimakin ya tare ta a baranda, ya miƙo mata wata takarda.

"Duba sa hannun. Masoyin naki ne da kansa ya nemi a sake gwajin. Shi ma bai yarda da ke ba."

Sa hannunsa ne, babu shakka. Ta tura masa saƙo ɗaya: "Ashe haka kake. Na gode." Ta goge lambarsa. Darasi kuwa ba ta fasa ba, ko da iyaye suka fara janye yara zuwa kasuwa. Gida-gida ta bi tana roƙo har suka dawo.

Ranar gwaji wata dattijuwa ce ta zo daga ma'aikata, tabarau a karan hanci, ko gaisuwa ba ta ja ba. Ta riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Malama na tsaye a jikin bango. Ba ta san babanta ya biyo ta ba, yana laɓe a jikin taga.

Bayan awa uku dattijuwar ta rufe fayil.

"Jami'in namu ya rubuta ashirin da biyar sun ci. Ni na samu ashirin da bakwai. In ma laifi ya yi, na tsanani ne." Ta cire tabarau. "Tun kafin ƙarar ya sanar da ofis cewa yana son ki, ya ce a canza shi. Sake gwajin ma don ya wanke ki ya nema. Ni na hana shi kiranki har a gama bincike. Kullum sai ya zo ya tsaya mini a kai kamar maraya."

Malama ta zauna tana kuka.

Mai Jan Biro yana bakin ƙofar makaranta, ya rame. Kafin ta isa wurinsa babanta ya riga ta.

"Kai ne mai biron?"

Ya durƙusa. "Ni ne, Baba."

"Ɗan mai facin taya na tasharmu na ji yana karanta shafi guda ba gargada. Ni da na samu malami mai tsaya mini haka, da ban tsufa ina dangwala yatsa ba." Ya share ido da hannun riga. "Ka turo manyanka."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malamata, kin yafe mini?"

"Sai ka zo da bakinka. Kuma turo sunanka, na goge lambar."

An dawo da tallafin a makon, aka ɗaura aure a hutun ƙarshen shekara. Da za a tafi da ita, baban ya dafa kanta.

"Yadda kika riƙe 'ya'yan mutane, Allah ya riƙe miki naki. Ku je, Allah ya yi muku albarka."