Jadawalin Firjin Jini

Da hantsin Alhamis wani direban tanka ya shigo ofishin 'yan sanda, idanunsa jawur. Matarsa ta haihu lafiya a asibiti ran Talata, aka ƙara mata jini, kafin la'asar ta cika. Ya ce jinin ne.

Sufeto, wanda saura wata huɗu ya yi ritaya, ya ɗauki wani saje, ya ja tsohuwar motarsa zuwa asibitin, gwiwarsa na masa zogi.

Mai kula da ɗakin ajiyar jini dattijo ne mai furfura. Ya juyo masa da kwamfuta.

"Duba da kanka, ranka ya daɗe. Manhaja ce ke rubuta sanyin firjin cikin wannan jadawali duk minti goma. Babu hannun mutum. Ran Talata digiri huɗu ne cif."

"Jiya fa, yaushe ka zo aiki?"

"Sai goma. Ƙafa ta matsa min."

Sufeto ya sa aka kira matar da ta rubuta manhajar. Ta zo da goyo, ta zauna tana gangara layukan. Can ta tsaya.

"Yallaɓai, wannan ba rubutun manhajata ba ne. Ita takan sa lamba biyu bayan ɗigo, kamar 4.16. Dubi Talata, daga ƙarfe tara zuwa ɗaya: huɗu, huɗu, huɗu. Da yatsa aka buga su."

"Yaushe?"

"Idan mutum ya buɗe fayil ɗin, ba ta iya rubutu a ciki, sai ta zuba a wani na gefe." Ta lalubo shi. Layi huɗu ne kacal, daga bakwai da minti goma na safiyar Laraba.

Sufeto ya sauka wurin mai gadi, ya buɗe littafin karɓar makulli. Laraba, ƙarfe bakwai, sa hannu ɗaya ne, na dattijon.

Ya hawo benen a hankali, ya ajiye littafin gaban dattijon.

"Baba, ni na gaji, kai ma ka gaji. Kada mu wahalar da juna."

Dattijon ya dubi sa hannunsa.

"Soket ɗaya ke aiki a ɗakin nan," ya ce. "Na rubuta wa hukumar asibiti sau uku. Na zare firjin in ɗan dafa ruwan shayi, sai aka kira ni taro. Da na dawo ya kai digiri sha tara. Na taɓa ledojin jinin, na ce ai da sauran sanyi. Nas ta zo da gudu tana neman leda biyu."

"Ka ba ta."

"Na ba ta. Shekara ashirin da shida ban taɓa..."

Saje ya fito da ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Dattijon ya cire farar rigar aikinsa, ya ninke ta a kan kujera, ya bi su.

A bakin ƙofa direban na zaune da jaririya cikin tawul. Ya miƙe.

"Yallaɓai, jinin ne?"

"Jinin ne," in ji Sufeto.