Sallamar Ƙasan Teku

Da la'asar sakaliya, ranar wata Asabar, Muhyiddeen da abokinsa Elkana suna cikin ɗan kwale-kwalen haya, can cikin teku inda dogayen gine-ginen Dubai suka koma kamar haƙoran mataji a bayansu. Kifin miya suka fito nema. Muhsinat, matar Muhyiddeen, ta ce kada ya kuskura ya dawo mata hannu rabbana, don ta riga ta jajjaga kayan miya.

Gyaran lif, na'urar hawa bene, suke yi a kamfani ɗaya, kuma dukansu a unguwar Abu Hail suke zaune. Muhyiddeen ɗan Yawuri ne, a ruwa ya yi wayo. Elkana kuwa ɗan Kagoro ne, duwatsu ya sani, nutso a nan Dubai ya koya a hannun abokinsa.

A irin tasu farautar ba a goya tukunyar iska. Mutum zai ja numfashi ɗaya, ya nutse da bindiga mai harba mashin ƙarfe, ya yi abin da zai yi, ya dawo sama kafin numfashin ya ƙare. In ɗaya ya nutse, ɗayan yana sama yana kallonsa. Wannan numfashi guda shi ne guzurinka, in ka zubar da shi a ƙasa ba inda za ka samo wani.

Muhyiddeen mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa. Ba ya harbin abin da ba zai ci ba, kuma ba ya taɓa tsofaffin kifaye, wai su ne iyayen ruwa. Elkana har suna ya sa masa, Limamin Kifaye. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da halin kirkinsa ya yi wa mugun aiki kamar wannan bawan Allah ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

A ƙarƙashinsu akwai wani tsohon jirgin dakon kaya da ya daɗe da nutsewa. Nan Elkana ya yi nutson da suka shirya zai zama na ƙarshe a ranar. Ya taso yana haki, bindiga a hannu, igiyarta a tsinke.

"Malam, ka ga hamur ɗin nan kuwa? Allah, ya kai firij!"

Hamur shi ne kifin nan mai faɗin baki da ke zama cikin ramuka, in ya tsufa yakan fi mutum nauyi.

"Ka harbe shi?"

Elkana ya kau da kai.

"A ina ka same shi?"

"A tumbi. Ya juya ne, ba ni ba... Ya shige cikin jirgin da mashin."

Muhyiddeen ya kalli ruwan. Rana ta yi ja, ta sauka dab da ruwa. Warin fetur da ƙarnin kifi sun cika kwale-kwalen.

"Halas, shi ke nan, mu tafi," in ji Elkana. "Magariba ta gabato. Yalla, yi sauri."

"Da ƙarfe a tumbinsa? Haka zai yi ta ruɓewa da ransa, mu kuma muna gida muna shan romo?"

"Kifi ne fa, Liman."

"Na sani. Mu muka same shi har gida. Wanda aka ji wa rauni ba a barinsa, sai a ƙarasa shi ya huta."

Ya ɗaura ɗamarar darma mai ƙara nauyin nutso, ya gyara tabaran ruwa, ya soke wuƙa a ƙwauri, ya ɗauki 'yar tocila. Ya kwanta a kan ruwa yana jan numfashi a hankali har zuciyarsa ta lafa. Ya yi bisimilla a ransa, ya cika ƙirji, ya kifa kai ƙasa.

Ruwan sama ɗumi ne kamar na wanka. Yana sauka yana matse hanci don kunnuwansa su buɗe. Shuɗi ya koma kore, kore ya koma toka. Sanyi ya kama shi daga wuya. Ya wuce inda ruwa ke daina tura mutum sama ya fara jansa ƙasa, sai ya saki jiki yana zurarewa.

Ƙasan teku ba shiru ba ne. Kullum akwai ƙarar ƙananan halittu, ƙaras-ƙaras, kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. Da wannan ƙara ya iso kan jirgin. Ga tsatsa, ga guntun igiyar Elkana tana lilo a bakin wata ƙofa, ga zaren jini yana fitowa, baƙi-baƙi.

Ya kama bakin ƙofar, ya cusa kai da kafaɗu.

Ƙarar ta ɗauke.

Ɗif.

Sai bugun zuciyarsa kawai.

Ya kunna tocila. Ya sha leƙa irin waɗannan jirage, cikinsu laka ne da tarkace. Wannan kuwa a share yake. Yashin ƙasa a baje, har da sawun tsintsiya, layi-layi.

Sai ya ji ƙamshi. Hancinsa a rufe yake cikin tabarau, babu ta inda wari zai shiga. Amma ya ji shi sarai: hayaƙin itace da turaren wuta, irin na ɗakin tsofaffi.

Ƙirjinsa ya yi zillo na farko. Wannan shi ne gargaɗi, duk mai nutso ya san shi. Nan ya kamata ya juya.

Sai hasken ya faɗa kan kifin.

Yana kwance a kan gefensa, can ƙuryar ɗakin. Mashin ya huda tumbinsa. Bakinsa na buɗewa yana rufewa. Idonsa ɗaya na kallon Muhyiddeen.

Tausayi ya kama shi. Ya zaro wuƙa, ya ƙara shiga.

A kan kifin akwai hannu.

Dogayen yatsu ne, masu yanƙwane, suna shafa goshin kifin a hankali, yadda ake shafa yaro mai zazzaɓi. Hannun ya fito daga cikin duhu. A cikin duhun wani yana zaune, ya tanƙwashe ƙafa.

Muhyiddeen bai ɗaga tocilar ba. Bai so ya ga fuska.

"Salamu alaikum."

Ba ta kunne ta shigo ba, ta ƙashin ƙirji ta shigo. Muryar dattijo ce, a natse, da Hausa irin ta gida. Kuma ya gane irin sallamar. Ita ce wadda mai gida kan yi wa baƙon da ya faɗo masa ɗaki ba sallama, ba don gaisuwa ba, don baƙon ya ji kunya.

Ya kuwa ji kunyar. Abin haushin ke nan. Ba tsoro ne ya fara kama shi ba, kunya ce, irin ta yaron da aka yi wa tarbiyya. Tun yana tatata aka koya masa cewa amsa sallama dole ne. Kafin hankalinsa ya tsawata wa bakinsa, bakin ya buɗe.

"Wa alaikumus..."

Iskar ta fice.

Kumfar ba ta yi sama ba. Ta yi gefe, a jere, ta nufi cikin duhun.

Ya ji an shaƙe ta. Dogon shaƙa, na wanda ya daɗe bai samu ba.

"Madalla da baƙo mai ladabi," in ji muryar. "Sauka lafiya. Zan rama ziyara."

Ruwan gishiri ya cika masa baki. Ya saki wuƙa, ya saki tocila. Ya ja da baya, tsatsa ta yage masa kafaɗa. Ƙafafunsa sun yi nauyi. Sama ta yi nisa, ɗan haske ne kawai kamar bakin rijiya. Ya buga ƙafa sau ɗaya. Gefen idanunsa ya fara rufewa.

Bai san sauran ba.

Elkana ne ya gan shi ya fito daga jirgin ya yi laƙwas. Duk da bai gama hutawa daga nasa nutson ba, ya sake kifa kai, ya cim masa, ya kwance masa ɗamarar darma, ya riƙo haɓarsa ya yi sama da shi.

Muhyiddeen ya farfaɗo a ƙasan kwale-kwale, ana marin kumatunsa.

"Numfasa! Muhyi, don Allah numfasa!"

Ya yi aman ruwa. Gari ya yi duhu-duhu, fitilun Dubai sun kunnu daga nesa. Elkana yana kuka ba kunya.

"Ka ƙarasa shi?"

"A'a."

"Me ka gani?"

"Kunna inji," ya ce da raɗa. "Kada ka kalli ruwan."

Sun yi nisa kafin Elkana ya sake magana, shi ma a hankali.

"Da na harbe shi, na ji kamar ana magana a bakin ƙofar nan. Na ɗauka kunnena ne."

"Ka amsa?"

"Ban san da ni ake ba."

Washegari likita ya duba huhunsa, ya ɗauki hoto, ya ce lafiyarsa ƙalau, ya huta kawai. A hanyar dawowa, a ƙofar gidansu, wani maƙwabci ya yi masa sallama. Ya amsa. Nan take gishiri ya taso masa a maƙogwaro, ƙamshin hayaƙin itace ya cika masa hanci, kuma a ƙarƙashin muryar maƙwabcin ya ji wata muryar, tana shaƙa. Ya dafa bango. Da abin ya wuce, numfashinsa ya dawo, amma bai dawo duka ba.

Haka abin ya zauna. Duk sallamar da ya amsa sai ta tafi da wani abu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mutumin da a da yake kwanciya a ƙasan teku kamar a kan katifa, ya koma ba ya iya haɗa aya biyu ta Fatiha a numfashi ɗaya. Hawa bene ya gagare shi, kamfani ya sallame shi. An kira mai ruƙiyya, malamin ya shigo da sallama da ƙarfinsa, Muhyiddeen ya amsa, aka kwashe shi a ƙasa.

Elkana, wanda ya yi harbin, ko tari bai yi ba. Ya sayar da bindigarsa, yana zuwa duk yamma ya zauna ya yi tagumi. "Ni ya kamata ya kama," yakan ce. Muhyiddeen ba ya musa masa, ba ya kuma da iskar da zai ɓata wajen lallashi.

Ya koyi dabara. A waje yakan riga kowa yin sallama, tun daga nesa, don kada a riga shi. In an riga shi sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Hausawan Abu Hail suka ce girman kai ya shige shi. Muhsinat ta daina sallama in za ta shigo, sai dai ta ƙwanƙwasa ƙofa, kuma duk ranar da ta yi haka sai ta share hawaye a kicin.

Wadda dabara ba ta ci a kanta ita ce 'yarsu, Nana Firdausi, 'yar shekara huɗu. A islamiyya aka koya mata ba a shiga ɗaki sai an yi sallama an amsa, ta kuwa riƙe abin gam, don ta gado ubanta. Uwar ta hana, ta yi faɗa, har duka ta yi. A banza. Kullum in ta dawo sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa da 'yar jakarta a baya, ta haɗa ƙafa.

"Salamu alaikum, Abba."

Yana jin ɗayar muryar a ƙarƙashin tata, tana jira. Yakan kalli bango. Sai leɓen yarinyar ya fara rawa.

"Abba, ba ka amsa ba. Fushi kake da ni?"

Sai ya amsa. Ya san farashin, amma kullum sai ya amsa.

Jiya da ta dawo, ya tattara duk abin da ya rage masa a ƙirji, ya kai "wa alaikum", ya tsaya. Nana Firdausi ta gyara tsayuwa a bakin ƙofa, tana jiran ya ƙarasa ta shigo.