Ƙuri'a a Hular Abuya

A bayan motar akwai akwatin ƙarafan awo, na'urar auna ƙarfin iska naɗe cikin bargo, da gorar ruwa ɗaya. Daga Jidda suka ɗauko kayan zuwa ɗakin gwajinsu na Makka, inda ake hura wa ƙananan jiragen sama iska a cikin dogon bututu. Maha na bayan direba. A gaba akwai sabon injiniya, Abdulbaƙi, ɗan Sakkwato mai zama da iƙama, takardar izinin zaman baƙi.

Ya miƙo mata gorar. "Sha, Dakta. Ita na'urar ba ta jin ƙishi."

Ta karɓa. Daga nan abin ya fara.

Da maganar aurensu ta taso, mahaifinta, Alhaji Mukhtaru na unguwar Utaibiyya, ya ƙi. "Mutumin da takarda ke iya kora gobe? Ga Fahad ɗan baffanki. Wancan ma a ofis kawai kika san shi, ya binti, 'yata, cikin sanyin na'ura."

"Abuya, kai ma a falo kawai ka san Fahad," in ji ta. "Mu in za mu daidaita ma'auni, ba ma rataya masa nauyi bi da bi. Ƙuri'a muke yi, mu haɗa masa nauyi ta ɓangarori da yawa lokaci guda. A nan aibinsa ke fitowa."

Washegari ta ga tsohon yana zuba 'yan takardu a hula, kowace da wahalar da aka rubuta a jikinta.

Haka ya riƙa kiran samarin biyu ba shiri su fita da shi a mota, su fuskanci duk abin da hula ta ba su. Fahad ya jure zafi, ya jure cunkoso. Ranar da suka haɗu masa da azumi a unguwar Misfala, ya zagi wani tsohon alhaji mai tsallaka titi.

Saƙon Abdulbaƙi ya shigo da la'asar: "Habibti, na ɓata lamarin. Azumi, rana, taya ta fashe, Babanki yana gyara mini riƙon sifana. Na ɗaga masa murya. Na dai ba shi haƙuri."

Ta rubuta: "Ka kai shi gida?"

"Har ƙofa. Na ɗauko masa takalmansa."

Maha ta sami mahaifinta a falo.

"Injiniyanki ya yi mini tsawa," in ji shi.

"Na ji, Abuya."

"To, a wurinku wane ma'auni ake yarda da shi? Wanda ba ya motsi?"

"Wannan matacce ne. Wanda ke komawa sifili in an sauke nauyi."

"Fahad har yau yana cewa laifin tsohon alhajin nan ne." Ya juye sauran takardun a kwandon shara, ya mayar da hular kansa. "Maganar iƙama kuwa, kakanki da ƙafa ya zo garin nan."

Ya tashi ya rufe ƙofar falon, don 'yan leƙe.

"Halas, magana ta ƙare. Gaya masa ya turo manyansa ranar Juma'a. Na ba shi. Allah ya yi muku albarka."