Ankon Rantsar da Kakaki

Har yau in motar haya ta wuce ta ƙofar gidan Hajiya Indo a Gwandu, fasinjoji sukan yi tsit, wani ma ya tofa addu'a. Abin haushin shi ne ba baƙo ne ya mayar da gidan nan kango ba. Ɗan da ta haifa ne, Zubairu.

Zubairu ɗan majalisa ne, Allah ya rufa masa asiri, amma kujerar Kakaki ta tsone masa ido. Duk ranar da ya ga an ɗauko sandar majalisa ana tafe da ita gaban wani, kowa ya miƙe tsaye, sai zuciyarsa ta yi ta tafasa. Da ya ga 'yan majalisar da ke bayansa ba su taka kara sun karya ba, sai ya sallami direba a Kalgo, ya hau babur ɗin kabu-kabu zuwa wajen wani boka a wani kurmi can bayan fadama.

Rana tsaka ce, amma bukkar bokan baƙi ƙirin take. A tsakiya an binne wata tukunya har wuya, bakinta duk busasshen jini, ga gashin ungulu an soke kewaye da ita. Wari kamar na mushe, amma ko ƙuda ɗaya babu. Bokan tsoho ne mai farin ido ɗaya, bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Mi yak kawo ka, jikan malammai?"

"Kujera nika so," in ji Zubairu.

"Kujera nauyi gare ta. Wa za shi ɗaukar maka?"

"Rago ko sa, baba, kai dai faɗi."

Tsohon ya yi wata busasshiyar dariya. "Dabba ba ta ɗaukar kujerar mutum. Kawo atamfar nan da kuka bugawa da hotonku. Duk wanda yaɗ ɗinka yas sa, ya zama ƙafar kujerarka. Ranar da anka taso maka, ɗaya shi karye, kai ka zauna daram."

"Karyewa kamar yaya?"

"Wanga ba kai ka zaɓe ba."

"In na so a warware hwa?"

"Ka sauka da bakinka, gaban jama'a. Iyakar maganin ke nan."

Zubairu bai yi dogon tunani ba. Matan mazaɓarsa ta Diggi ne suka faɗo masa a rai, waɗanda suka sha rana a layi da goyo a baya don su zaɓe shi. Su ya yi niyyar raba wa. Wallahi wannan kaɗai ya isa a tofa wa mutum yawu a fuska. Ya kawo dilar atamfa, boka ya riƙa tsoma turmi bayan turmi cikin tukunyar, suna fitowa a bushe ba ko tabo.

A gidansa na birni 'yan jam'iyya ba sa ganin abu su bari, don haka ya kai dilar ɗakin mahaifiyarsa, ya tura ƙarƙashin gado, ya ce, "Inna, ajiya ce, kar a taɓa." Kafin ya samu sukunin kaiwa Diggi, aka tsige Kakaki mai ci, 'yan majalisa suka zaɓi Zubairu kamar an ja su da igiya.

To, a gidan Hajiya Indo ba a taɓa yin sha'ani babu anko ba. Da ta buɗe ajiyar ta ga fuskar ɗanta, sai ta yi hawayen daɗi, ta ɗauka kunya ce ta hana shi faɗa mata nasu ne. Ta kira tela.

Ranar rantsarwa, Zubairu ya zauna kan kujerar, ya ɗaga kai wajen da baƙi ke zama. Ga Inna, ga ƙannensa mata, ga ƙaninsa Muzzammil, ga 'yarsa tilo Khairiyya tana ɗaga masa hannu, dukkansu cikin atamfar. Gudumar da ke hannunsa ta kusa faɗuwa. A ranar, kalmar sauka kaɗai daga bakinsa za ta cece su, amma ya gyara hula ya ci gaba da karɓar mubaya'a.

Duniya ta buɗe masa. Gidaje, jerin motoci, maroƙa har bakin ƙofa. Da aka fara yunƙurin tsige shi, masu yunƙurin suka watse tun kafin a zauna, a kuma ranar Muzzammil ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, bai shura ba. Yunƙuri na biyu, ƙanwarsa Mubaraka ta fita tsakiyar kasuwa tana yage tufafinta tana haushi. Haka aka yi ta ɗaukar gawa daga gidan, tabarmar makoki ba ta naɗuwa, shi kuwa ya zo da jiniya ya yi gaisuwa ya koma.

Uwa ba ta rasa ganewa. Hajiya Indo ta lura duk wanda ya tafi, mai ankon nan ne. Ta aika ya zo, ta rufe ɗaki, ta tsare shi da ido har ya faɗi gaskiya.

"La'ananne!" ta ce. "Da ɗiyan wasu kas so kashewa, su ba uwa gare su ba? Ni na tsufa, a ɗauke ni. Amma Khairiyya mi ta yi maka? Ka tai ka sauka."

"Zan sauka, Inna, a zama mai zuwa. Na rantse."

Ya shiga zauren da niyyar cika alkawari. Sai ya tarar abokan hamayya sun riga shi, wani yaro da shi Zubairu ya tsaya wa har ya ci zaɓe ya miƙe zai gabatar da ƙudurin tsigewa, yana murmushi. Zubairu ya ji jini ya hau masa ka. Shi ne za a ce ya gudu saboda wannan yaron? Ya buga guduma, ya ɗage zaman. Ƙudurin ya mutu a nan take.

A daidai lokacin Khairiyya tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya, ta ƙwalla ƙara, ba ta sake gane kowa ba. Hajiya Indo ba ta daɗe bayan wannan ba, ita ma wani yunƙurin ya tafi da ita. Da masu anko suka ƙare, 'yan majalisa suka tsige Zubairu cikin ruwan sanyi, ko muhawara ba a yi ba.

Ranar rasuwar Hajiya Indo, ya iso Gwandu an riga an binne ta, domin ta bar wasiyya kada ya taɓa makararta. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida don karɓar gaisuwa, mutanen unguwa suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen titi.

Kai mai kwaɗayin kujera, ka sani boka ba ya ba da kyauta, kuma ramin da ka shirya wa talakan da ya zaɓe ka, jininka ne zai fara faɗawa. Zubairu yana nan da rai. Shi yake kai wa Khairiyya abinci a ɗakin da aka ɗaure ta, kuma duk shigarsa sai ta ja baya ta manne da bango, tana roƙonsa ya kira mata babanta ya zo ya cece ta.