Shuɗin Alli a Kan Noti

"Wanda ya san volan ba ya buƙatar wuƙa."

Ta bayan zana Hannatu ta ji wannan magana, ranar wani suna a unguwarsu, tana wanke-wanke, maza suna hira a ƙofar gida. Ƙasa-ƙasa aka faɗe ta, wani ya yi dariya, aka koma zancen wahalar man fetur. Ba ta san mene ne volan ba. Muryar kuwa, ta ce wa ranta ba ta gane ta ba.

Ranar Asabar da hantsi, tana ofishin gidan gonar gwamnati da ke bayan garin Gumel, inda take buga tafireta, sai ta ji ihu. Injin yankan ciyawa ne ya kife a ramin da ake ɗiban ƙasar bulo, ya danne direbansa Cindo. Da aka zaro shi, ƙafarsa ta hagu ta dagargaje.

Hannatu ta tsaya tana kallo, tausayi bai zo mata ba. Bara war haka injin nan ya yanke ƙafar yayarta Larai, tana tsugune cikin doguwar ciyawa tana tsintar itace. Cindo ne a kan sitiyari. Abin da ya faɗa a ranar bai wuce, "Wa ya aike ta gonar gwamnati?" ba.

Sufeto Moses, ɗan Filato da ya daɗe yana aiki a bakin iyaka, shi aka ba binciken. Ya fara da Cindo a asibiti.

"Yaya aka yi?"

"Yallaɓai, sitiyari yana hannuna sak, injin yana jan hagu. Na murza dama, ya ƙi."

"Wa yake gyara shi?"

"Sajo mana. Uban gurguwar nan. Dama haƙona yake."

Akwai direba na biyu mai suna Muslim, wanda kowa ya san yana son kujerar Cindo. Sufeto ya bincika, ya tarar tun ranar Alhamis yana Sule Tankarkar wurin ta'aziyya, kuma ko fulogi bai iya canzawa ba. Aka sallame shi. Sai mai gadi, Edward.

"Wani baƙo ya shigo wurin nan jiya?"

"Ko ɗaya, oga. Da suka tafi Juma'a ma ni kaɗai aka bari."

Saura Malam Sajo, bakanikin gidan gonar, baban Hannatu.

"Malam, an ce kullum da safe kana duba injin nan."

"Haka ne. Igiya nake ja daga tayar gaba zuwa ta baya. In sun miƙe, sai in ce a tafi."

"Yau fa?"

"Abin da Allah ya nufa shi ke faruwa."

Sufeto ya juya tambayar ta kowace fuska, amsar ke nan. Ya sa aka kulle shi, ya ce ranar Litinin sai kotu.

Da la'asar Hannatu ta kai masa tuwo caji ofis. Bai ci ba, bai kuma kalle ta ba. Daga nan ta zarce garejin gidan gonar, inda aka jawo injin aka ajiye.

Injin mai gaɓa ne a tsakiya kamar ƙugun zanzaro. Rodi biyu ne ke lanƙwasa shi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da notin da ke ɗaure shi. Ta tsuguna. Notin dama a ɗaure yake tamau, tsatsa ta rufe shi. Na hagu da yatsa ta juya shi. A gefensa akwai ɗan layi na shuɗin alli, rabinsa a kan notin, rabinsa a kan rodin, kuma ba su haɗu ba.

Babanta ba ya aiki da alli. Amma ta san mai yi. Ranar da Sa'idu, mijin Larai, ya gyara keken ɗinkin da ya saya wa matarsa bayan an yanke mata ƙafa, Hannatu tana zaune a gefe. Kafin ya taɓa kowane noti sai ya ja masa layi da allin ɗinki. "Ubangidana na Damagaram ya koya mini," in ji shi. "In ka ja layi, ka san inda ka taso."

Ta miƙe. In ta yi shiru, babanta zai tafi gidan yari da furfurarsa. In ta yi magana, Larai za ta rasa mai ɗaukarta zuwa asibiti a kan babur. Ga shi kuma a ranta tana jin abin da aka yi wa Cindo daidai ne.

Ta je wurin mai gadi, kanta a sunkuye.

"Baba Edward, jiya lokacin Juma'a, ba baƙo nake tambaya ba. Ɗan gida fa?"

"Au, ɗan gida? Ai Sa'idunku ya zo. Ya ce zai ari sifana a akwatin surukinsa." Ya dube ta. "Oga baƙo ya tambaye ni, 'yata."

Washegari ta sami Sufeto a ƙofar caji ofis, ya dawo daga coci. Sai da ya ce ta ɗaga murya kafin ya ji ta.

"Yallaɓai, mene ne volan?"

"Sitiyari ke nan a bakin mutanen Damagaram. Ina kika ji shi?"

Ta gaya masa komai. Ya je ya ga layin da idonsa, ya daɗe a tsugune, sannan ya ce ta shiga mota.

A Maigatari suka tarar da Sa'idu a ƙarƙashin wata babbar mota mai lambar Nijar. Ya fito yana goge hannu, guntun shuɗin alli a bayan kunnensa. Ya ga Sufeto, ya ga Hannatu a bayansa, ya daina goge hannun.

"Sa'idu, ina ka yi Juma'a?"

"A Gumel."

"Wane masallaci?"

Sa'idu ya kau da kai.

"Bari in faɗa maka, ka gyara mini in na yi kuskure," in ji Sufeto. "Ka san lokacin Juma'a mai gadi kaɗai ke nan, kuma ba zai tsare surukin Malam Sajo ba. Ka kwance notin hagu, ka rage tsawon rodin, ka bar notin a sake yadda jijjigar injin za ta ƙarasa maka aikin. Ka san ramin yana hannun hagu. Ba wanda ya gan ka. Amma hannunka ya saba, sai da ya ja layi kafin ya kwance."

Sa'idu ya taɓa bayan kunnensa, ya ciro allin, ya kalle shi.

"Ban ma san na ja ba," ya ce.

"Ka amsa ke nan?"

"Ƙafa ɗaya ya ɗauka, Yallaɓai, ƙafa ɗaya aka karɓa. Da ransa nake so, da rodin dama zan taɓa, can tsohuwar rijiya take. Matata tana jan jiki zuwa banɗaki. Mutumin nan kullum sai ya wuce ta ƙofar gidan surukina, ko sannu bai taɓa tsayawa ya ce ba."

"Shi ne ka bar tsoho a kulle?"

"Da gobe zan zo da ƙafata."

"Kowa haka yake cewa."

Ana sa masa ankwa ya waiwayo. "Hannatu, ke ce? To, ke za ki gaya wa Addarki Larai. Ni ba zan iya ba."

Ba ta ɗago ba.

Kafin magariba aka saki Malam Sajo. Ɗan sandan da ke kan kanta ya miƙo masa hularsa da carbinsa da igiyar awonsa, wadda aka cire daga aljihunsa. Suka kamo hanyar gida a ƙasa, shi a gaba, ita a baya. Bai tambaye ta yadda aka yi ba. Yana tafe yana naɗe igiyar a yatsunsa, yana warwarewa.

Tunda take, ba ta taɓa jin an ce injin ya fita Sajo bai ja igiyar nan ba. Ko da zazzaɓi sai ya je. Kuma rodin da aka rage haka, ko makaho ya ja igiya zai ji ta karkace.

Sun kusa kwanar gidansu, inda ake jiyo ƙarar keken ɗinkin Larai, Hannatu ta tsaya.

"Baba."

Ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Jiya da safe, da ka ja igiyar, me ka gani?"