Uwar Baftismar Ladi

Tabarma, zane biyu, kwanon sha, ƙullin daddawa, da kaza a kwando. Kayan Ladi ke nan ranar da ta baro ƙauyensu na Maguzawa zuwa Kano neman aiki. A Kwanar Ɗangora mota ta tsaya shan mai, kazar ta ɓalle. Wani dogon saurayi ya bi ta har ƙarƙashin tirela, ya fito riga duk baƙin mai.

"Ga 'yarki," ya ce.

Sunansa Ayuba, mutumin Kafanchan, ma'aikacin wata masaƙa a Bompai. Tun daga ranar Mai Kaza yake ce mata.

Ladi ta samu aikin naɗe alewa, titi ɗaya da masaƙarsu. In an tashi, yana tura keke tana gefensa har Gwagwarwa. Shi ya fara kai ta coci, amma ajin baftisma ita ta kai kanta. Bai sani ba sai da ya hango ta a benci tsakanin dattawa, tana bin Dokoki Goma da ka, don ba ta iya karatu ba.

Da ya kawo zancen aurenta, mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, shugabar zumuntar matan cocin, ta ce atafau ba ta yarda ba. A ganinta miji yarinyar take nema a ajin nan, ba Almasihu ba. Ga kuma Esta, 'yar ƙawarta mai koyon jinya, wadda ta daɗe da zaɓa masa.

Sai malamin aji ya ce kowa ya nemo babban da zai tsaya masa ranar baftisma, ya riƙa bibiyar tafiyarsa. Ladi ba ta da kowa a cocin. Ranar Asabar ta je ta durƙusa a ƙofar Mama Rifkatu.

"Mama, ku nake so ku tsaya mini."

"Kin san ba na son zancenki da ɗana?"

"Na sani. In ƙarya nake yi, ku ne za ku fara ganewa."

Shugabar zumunta ba ta korar mai neman baftisma. Ta yarda, da sharaɗi: ba rakiya, ba hira da Ayuba, sai Bishop ya ɗora mata hannun tabbatarwa bayan baftisma. Ladi ta ce to.

Ayuba ne ya yi ta kumbure-kumbure. Ya aiko mata 'yar takarda, ita kuwa ta kai wa Mama ta karanta mata.

"Mai Kaza tawa, ni me na yi? Ko keken ya rame."

Mama ta karanta har ƙarshe, ta toshe baki da gefen mayafi.

Kullum da yamma ita da Ladi suna kan tabarma da Littafi Mai Tsarki. Ladi ta fara haɗa baƙaƙe. Wata rana ta tambayi inda uwarta take, ita da ta rasu ba ta taɓa jin bishara ba. Mama ta ce ba ta sani ba, amma ta san Allah ya fi su tausayi. Ranar ce Mama ta fara zuba wa Ladi tuwo a nata kwanon.

Esta kuwa ta zo da kanta ta ce a daina haɗa ta da Ayuba, tana da nata a Kaduna.

An yi wa Ladi baftisma ranar Ista. Bishop ya zo bayan damina, ya ɗora mata hannu.

Da yammar ranar Ayuba ya doshi ɗakin uwarsa cikin sabuwar riga. Ladi na ciki da farin ɗankwali. Mama ta tare ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Mama, ai wa'adi ya cika."

"Wannan 'yata ce. Mai son ta ya turo magabatansa su same ni, mu ɗunguma ƙauye wurin ubanta."

"Ni ne fa, Ayuba."

"To, Ayuba, je ka nemo kawunka. Allah ya yi muku albarka, ku biyun."

Ta tura ƙofa ta sa sakata. Daga ciki ya ji dariyar Ladi, sannan muryar uwarsa.

"Satin Kirsimeti za a ɗaura. Kafin nan, a nan za ta zauna."